Rimot ɗin Daler

Kulob, farkon kaka

Apa Gulchehra, yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan sanyin Rasha bai tsananta ba. Mahaifiyarmu tana gaishe ki. Gwiwarta da sauƙi.

Na daɗe ina jinkirin wannan magana. Tun da talabijin ɗin da kika aiko ya iso, ɗanki Daler ya daina wasan ƙasusuwan tumaki da yaran layinmu. Ya samu wani guntun katako, ya zana masa maɓallai da gawayi, wai rimot. In Sitora ta maƙwabta ta faɗi abin da bai so ba, sai ya nuna ta da shi ya danna, ya ce, "Na canza ki." In ba ta yi shiru ba, ya kwaɗa mata. Yanzu uwarta ta hana ta shigowa.

Ban ce talabijin ne kaɗai ba. A jami'a an gargaɗe mu kada mu yanke hukunci daga yaro guda. Abin da na gani kawai na rubuta. Ki ba ni izini in rufe talabijin ɗin da rana.

Ƙanwarki,
Manizha

*

Manizha,

Ina gaishe ku. A tsaye nake rubutu, a bayan rumfar da nake aiki a kasuwa.

Sannu, malama mai digiri! Yaro ɗan shekara huɗu ya daki ƙawarsa, shi ne har da wasiƙa? Ke ba ki cije ni ba kina ƙarama?

Kina birni kina karatu lokacin da na tafi, ba ki sani ba. Tambayi Mama. Kullum a bakin ƙofa Daler yake yini, yana kallon hanyar tasha, har ya rame. Don ya shigo ɗaki na sayi talabijin ɗin. Ya shigo. Ki bar masa abinsa.

Na gaji. Ki sumbatar min shi.

Gulchehra

*

Kulob, tsakiyar hunturu

Apa,

Bayan gaisuwa. Ban taɓa talabijin ba, kamar yadda kika ce. Wutar ce ake ɗaukewa, kin san halin hunturu.

Jiya da ta ɗauke, Daler ya fita wurin yara da katakonsa. Ya yi ta dannawa, ba wanda ya ko ɗago kai. Yayan Sitora ya ce, "Kai, batirinka ya mutu, matsa mana!" Suka yi dariya, suka ci gaba da wasansu. Bai san yadda ake cewa a sa shi a wasa ba. Na jira in ji ya ce. Bai ce ba.

Sai ya koma bakin ƙofarmu, ya nuna hanyar tasha, yana dannawa. Na ce, "Me kake nema?" Ya ce, "Inda Mamana take."

Ba zan ƙara komai a kai ba.

Taki,
Manizha

*

Manizha,

Ki lulluɓe talabijin ɗin da zane. Ki kai wa uwar Sitora burodi mai zafi, ki ba ta haƙuri a madadina.

Na roƙi mai rumfa ya sake ni in dawo gida kafin bikin Navruz na ƙarshen hunturu. Bai amsa ba tukuna. Kada ki gaya wa Daler.

Ku huta lafiya.

Gulchehra