Sakatar Ɗakin Barci

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ƙafa tana sauƙi, yaran makaranta sittin da biyu duk suna lafiya. Tun da ba kya jin magana a waya, ga takarda ta hannun direba. Tambaya uku ce. In sa a gyara lilo? In mayar da 'yan shekara uku ɗakin da ke kusa da famfo? Ta uku, ɗakin barci. Malama Babba takan kwantar da yara da ƙarfe ɗaya, ta zura sakata ta waje, ta tafi cin abinci. Raina bai kwanta da haka ba, amma na kasa yi mata magana, don ita ta goya ni.

Ki huta lafiya.
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, takardunki ne ke sa ni ciwon kai. Ta bakwai ke nan cikin mako biyu. Shugabar makaranta na naɗa ki ko magatakarda? Saura ki aiko ki tambaye ni ko ki yi atishawa. Lilo, ki gyara. Ɗaki, ki yi yadda kika gani. Sakata kuwa ni na sa aka kafa ta shekara goma sha tara da suka wuce, ranar da wani yaro ya farka ya fice har bakin titi. Ki bar ta.

Allah ya yi miki albarka.
Goggonki

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Yau ba tambaya na kawo ba. Ranar Talata 'yar mai ɗinki ta farka da amai a ɗakin barci. Ta yi ta dukan ƙofa, ba wanda ya ji, sai da na zo wucewa. Na tarar da ita zaune a bayan ƙofa, muryarta ta dushe, sauran yaran suna taya ta kuka. Goggo, na ji tsoro ƙwarai.

Na kira kafinta ya cire sakatar. Na raba lokacin cin abinci gida biyu, kullum malama ɗaya za ta zauna a ciki. Da uwar yarinyar ta zo, ban ɓoye mata komai ba, na ce laifina ne, don na sani na yi shiru. Malama Babba ta ce, "Ni za ki tsara wa lokacin cin abinci? Yarinyar da na share wa majina?" Ta ɗauki jakarta, kwana biyu ba ta zo ba.

Taki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Na ce ki daina yawan tambaya, ban ce ki rushe min makaranta ba. Raina ya ɓaci. Wa ya aike ki tona wa uwar yarinya asirinmu? Gobe ki mayar da sakata, ki je har gida ki ba aminiyata Malama Babba haƙuri. In ba za ki iya ba, ki damƙa wa direba makullan ofis.

Goggonki

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Na je gidan Malama Babba, na durƙusa na ba ta haƙurin yadda na yi abin ban shawarce ta ba. Ta wanke ni tas, sannan ta dawo aiki. Jiya ita ta zauna da yara, har ta ce kujerar da na ajiye tana cin baya.

Sakata kam ba zan mayar ba. Duk yaron da kike tsoron ya fice, yanzu akwai ido a kansa. Mai ɗinki ta dawo da 'yarta, ta ce don na gaya mata gaskiya ne. Makullai suna cikin ambulan a kan tebur. In kin ce a kawo, direba zai kawo, amma ba da hannuna za a sake kulle yaro ba.

Allah ya huci zuciyarki.
Auta

Zuwa ga Shugabar Makaranta,

Assalamu alaikum. Likita ya ce wata mai zuwa zan taka da sanda. Ofis ba na so. Ina neman zaman ɗakin barci, ƙarfe ɗaya zuwa biyu, in akwai wuri. Ki duba, ki ba ni amsa.

Goggonki