Turaren Sagiru a Kigali

Ainu Shams, Alƙahira

Zuwa ga aminina Sagiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, hutu yana tafiya daidai. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Ka gaishe mini da Husaina da yara.

Godiya na rubuto in yi maka. Aboki masanin ƙasashe irinka sai an tona. Mutumin da sau ɗaya ya sauya jirgi a Kigali, ko ƙofar waje bai leƙa ba, amma ya zaunar da ni a gidan shayi ya karanta mini Ruwanda kaf, ya ce da can da kasuwar Ataba ta nan Alƙahira duk ɗaya ne. Allah Ya ƙara basira.

Ka san abin da ya kai ni Kigali. Ammu Husam, Bamisiren nan na Ataba mai shagon jallabiyoyin da nake jawo wa masu saye, ya ba ni farare na samfur, ya ce in na samo masa dila a can ni ne wakilinsa, na huta da tsayuwar bakin titi. Kai kuma ka ce tunda jakata da sauran wuri, in tafi maka da turarenka na udu ko a dace. Na shirya shi yadda muke yi a Ataba: kowace kwalba a leda, a ƙulle tam, a cusa tsakanin tufafi.

Abin da ka tsallake a karatun naka shi ne ba a shiga ƙasar da leda. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta sa na kwance su duka, tana murmushi. Na gwada ma'alish, ban haƙurin Misrawa, na gwada Faransancin da na tsinta wajen 'yan Nijar, na dafa ƙirji na marairaice. A nan da tuni an ce yalla, wuce. Ita ko gezau. Haka na mayar da kwalabe tsirara cikin fararen kaya.

Washegari Asabar ce ta ƙarshen wata. Na fito da sassafe, gari tsit, ba shago, ba ɗan acaba, kowa na sharar kwata da saran ciyawa. Wai aikin gayya suke yi, sai rana ta ɗaga ake buɗewa. Wannan ma ba ka faɗa ba. Na zauna a kan jakata bakin hanya ina jira, har ina yaba garin a raina, wai ko iskarsu ƙamshi take yi. Ashe ni ne.

Da na isa Nyamirambo, unguwar da Musulmi suke da yawa, wajen Malam Ya'ƙub, mai shagon da aka haɗa ni da shi, na zuge jaka da bismilla. Kwalabe sun fashe a ƙarƙashina, jallabiyoyi duk sun rine. Dattijon ya ɗaga ɗaya. Bai duba ɗinki ba, bai murza yadi ba, hanci ya kai. Ya kira maƙwabcinsa, shi ma ya shinshina. Jallabiya dai sun ce suna da mai kawo musu. Turaren suke so, kuma kowane wata.

To barka, ka yi kasuwa kana kwance a Katsina.

Ni tun da na dawo ban taka Ataba ba. Husam na ta kira, na ce masa da zazzaɓi na dawo. Jiya ya aiko da lemo, ya ce gobe zai zo dubiya da kansa. Na kai kayan wanki, tabo yana nan daram, ƙamshin kuwa tun daga matakala yake tarbar mutum. Wallahi raina a ɓace yake, Sagiru. Wakilcin nan na sa rai da shi ƙwarai, har na gaya wa Baba ya kusa tabbata.

Ka gaida duk mai tambayata. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka kullum,
Uzairu

Af, in ya shigo gobe ya ja numfashi, wane irin zazzaɓi zan ce masa yana ƙamshin udu?