Sunan da Ke Bayan Ambulan

Nyanshegu, Tamale
4 ga Maris

Yayana Mudasiru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya gajiyar horo? Mma tana gaishe ka, shanu ma lafiya.

Tun da aka karɓe muku waya a depon horon polis na rasa yadda zan ji muryarka, shi ya sa na yago takarda daga tsohon littafina. Ka yi haƙuri da rubutuna. A bayan ambulan na rubuta Tijani Abdulai kamar yadda ka ce. Sau uku ina ɓata ambulan. Hannuna ya ƙi, domin rabona da rubuta sunan nan tun kafin moto ya kashe ɗan'uwan namu a hanyar Vittin, shekara biyu ke nan.

Ban ga laifinka ba. Shi ya gama sakandare, kai aka cire ka don kiwo, kuma polis ba sa ɗaukar wanda ba shi da satifiket. Nasa yana cikin akwatin Mma ba ya amfanar kowa. Amma littafin nan da na yago, a cikinsa ka koyi sa hannunsa, shafi biyar cif. In na buɗe sai in ga kamar shi ya zauna ya rubuta jiya.

Ka yaga wannan in ka karanta.

Ƙanwarka,
Adijatu

19 ga Mayu

Yayana,

Ina fatan wannan ta same ka lafiya, da ƙafar da ka ce takalmin but ya ci maka. Mu lafiya lau, sai abu ɗaya.

Ranar Laraba wani mutum ya zo daga ofishin polis, ba ya sanye da kaki. Ya ce ana zagayawa gidajen sababbin ɗauka don a tabbatar da asalinsu. Mma ta tafi kasuwa da wagashi, cukun da take sayarwa, ni kaɗai ya tarar. Ka san ni da baƙo, ko ruwa da ƙyar na miƙa masa. Ya ce maƙwabta sun gaya masa an yi mana rasuwar ɗa namiji kafin mu taso daga unguwar Sakasaka, amma ba su san sunan ba. Ya buɗe biro yana jira.

Yaya, sunanka na faɗa. Na ce Mudasiru ne ya rasu. Ya rubuta, ya yi maka addu'ar samun rahama, ni kuma na amsa da amin.

Tun ranar ba na iya cin tuwo. Da na gaya wa Mma, sai ta tashi ta sauke hoton Tijani daga bango ta kife shi a ƙasan akwati. Yanzu in tana yi masa addu'a leɓenta kawai ke motsi, saboda katangarmu da ta maƙwabta ɗaya ce. Ranar Juma'a ta kai sadakar masa masallaci, liman ya aiko a tambayi sunan mamacin. Ta ce a ce ɗanta kawai.

Hoton da ka aiko da askin kwalkwabo ya iso. Da na fara gani na yar da shi ƙasa. Ban taɓa sanin kai da Tijani kuna kama haka ba.

Ka kula da kanka, don Allah. In wani abu ya same ka yanzu, ni na fara faɗa.

Taka,
Adijatu

2 ga Oktoba

Yayana,

Barka da gama horo, Allah ya sa albarka a aikin. Mun iso gida lafiya, sai ciwon baya da motar ta bar wa Mma.

Faretinku ya yi kyau. Da aka kira Tijani Abdulai a lasifika a zo a karɓi kyautar harbi, ka amsa da ƙarfi ka fito, Mma ta miƙe tsaye tana leƙen bayanka. Mutane sun ɗauka murna ce. Ni da ke riƙe da gyalenta na san wani take nema.

Akwai abin da ban gaya maka ba a can. Bayan an tashi, kana tsaye da abokanka wajen bishiyar mangwaro, na zo ta bayanka dab da kai. Na kira ka Yaya Mudasiru, a hankali, sau biyu. Ba ka juyo ba. Sai wani ya ƙwala Tijani daga nesa, ka waiga nan take kana dariya.

Ko ka ji ni ka daure ne, ko ba ka ji ba? Kada ka ba ni amsa, ba na son sani.

Mma ta ce daga yau ko a cikin wasiƙa kada in ƙara rubuta sunanka, tunda ka kama aiki. Na yarda. Wannan ce ta ƙarshe da zai fito a ciki, shi ya sa zan roƙe ka kada ka yaga ta. Ka ɓoye ta inda ba mai gani.

Ka huta lafiya, Mudasiru.

Ƙanwarku,
Adijatu