Mijin Yunsel Bai Kai Shekarun Aure Ba

Zuwa ga Yaya Tamiro, a Kurmin Mirun.

Gaisuwa mai yawa, inuwa ta tabbata a kanka. Yaya Inna, yaya ƙudan zumarka?

Buƙata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekara goma sha biyu ke nan da na sauko daga kurmi na auri Gwanho maginin tukwane, ɗan mutanen fili. 'Yarmu Sori har ta iya dafa tsiron gora. Sai dai ka san a wurinmu babu aure sai miji da mata sun sha ruwan maɓuɓɓugar Idon Kaka a ƙoƙo ɗaya, kuma baƙo ba ya shiga kurmi sai dattawa sun yarda. Gwanho ya ƙwallafa rai a kan abin nan. Jiya ya ce da ni, "Ni fa har yanzu baƙo nake a ɗakinki." Da dariya ya faɗa, amma ni abin ya sosa mini zuciya. Shekarunsa arba'in da biyar. Ka taimaka ka kai maganar gaban dattawa.

Ƙanwarka, Yunsel.

Zuwa ga ƙanwata Yunsel.

Bayan gaisuwa, kowa lafiya. Kin ga damina bakwai kacal na yi na ba ki amsa, don na san halinki na garaje tun kina rarrafe a kan reshe.

Na kai maganar. Da na ambaci shekarunsa, tsohuwa Hamei ta yi dariya har kunnuwanta na rawa. Ta ce, "Arba'in da biyar? Jikana ya fi shi, kuma har yanzu ni nake ɗaure masa takalmi!" Haba Yunsel, ina hankalinki? Namiji ba ya kusantar Idon Kaka sai ya cika ɗari. Amma na yi ta roƙo saboda ke, har suka rage masa zuwa tamanin. Ba a taɓa yi wa kowa haka ba. Ga ƙaramin baka nan na sassaƙa masa, ya riƙa koyon harbi kafin lokacin.

Ki huta lafiya. Yayanki, Tamiro.

Yaya Tamiro,

Ina gaisuwa. Bakan ya iso tun shekara tara da suka wuce, Gwanho ya rataye shi a bango, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ya ce surukinsa ne ya aiko. Ni ce haushi ya hana ni rubutu, ashe ni ma jininku ce.

Yaya, ba ku gane ba. Mutanen nan ba irinmu ba ne. Kan Gwanho ya yi fari fat, kamar na Hamei da ta haura ɗari shida. Gwiwarsa ba ta barinsa ya durƙusa gaban yumɓu, Sori ce ke yi masa gini yanzu, ita ma da ɗanta a goye. Tsoro nake ji, Yaya. Ka koma musu, ka ce ba yaro ba ne, tsoho ne.

Taka, Yunsel.

Ƙanwata,

Gaisuwa da albishir! Na karanta wa dattawa takardarki. Hamei ta ce farin gashi a yaro rashin cin naman kaza ne, ga busasshe nan na haɗo miki. Duk da haka na nace, aka zauna sau uku, kowane zama idan bishiyar taro ta yi fure, kin san kuwa sai bayan damina biyar take yi. Yanzu sun amince ya zo, ba sai ya cika tamanin ba. Na gyara muku ɗakin da ke can ƙololuwar bishiya, matakala ɗari uku ne kawai, yaro mai jini a jika ba zai ji komai ba. Inna ta fara tara zuma. Ku zo da wuri, ko nan da shekara biyu ma ya yi.

Yayanki mai murna, Tamiro.

Yaya,

Na gode da wahalarka, na san da zuciya ɗaya ka yi.

Gwanho ya rasu bara waccan, yana da saba'in da huɗu. Bai sha wahala ba. Har ƙarshe yana tambaya ko saƙo ya zo daga kurmi.

Ba zan kai maganar shigar Sori kurmi gaban dattawa ba. Shekarunta arba'in da biyu, furfura ta fara fito mata a gefen kunne, kuma ba ta taɓa ganin kawunta ba. Ka sauko da kanka, kai da Inna. Tafiyar kwana biyu ce, Yaya. Kada ka ba ni amsa, ka taho kawai.

Yunsel.