Shuɗi Biyu a Motar Baba

Litinin, 5 ga Mayu

Baba ya goga motarsa da ginshiƙin ƙofar gida. Ƙofar motar ta baya ta dama, daga mariƙi har ƙasa ta loɓa, fenti ya kwaye. Ina tsakar gida ina wanke takalmi na ji ƙiiii, kamar ana jan tukunya a kan siminti. Ya fito, ya zagaya, ya daɗe yana kallon ginshiƙin, sannan ya ce, "Wa ya matso da wannan abin?" Ginshiƙin nan ya girme ni.

Ƙofar ba ita ce damuwar ba, Yaya ne. Wancan karon da Baba ya take bokitin maƙwabta, Yaya ya rantse in aka ƙara ko ƙwarzane ɗaya zai karɓe makulli ya sayar da motar. Kuma zai zo ganin gida Asabar ta sama.

Baba ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa: "Auta, kai ne mai haƙurin gidan nan." Duk ranar da aka yabi haƙurina na san aiki ne ya same ni.

Na ce to. Motar nan ita ce ƙafarsa. Da ita yake zuwa hira wajen tsofaffin abokan aikinsa kullum da safe. In babu ita, sai kujera da rediyo.

Talata, 6 ga Mayu

Mun je wajen mai gyaran jikin mota. Ya shafa ƙofar, ya ja tsaki irin na tausayi, ya faɗi kuɗi. Baba ya ce, "Ƙofa zan gyara, malam, ba ɗaki zan gina ba." Ya koma cikin mota ya zauna.

Ni na tsaya. Na lura mutum in ka yi shiru kusa da shi yana aiki, ba ya jurewa, sai ya fara koyar da kai. Ya ce in buga loɓar daga ciki, in cike da foti, wato kwaɓin da ake like loɓa da shi, in goge da samfefa har hannuna ya daina jin tudu. Kala kuwa, in cire murfin tanki in kai wa mai haɗa fenti, da shi ake gwadawa. "Kowa haka yake yi," in ji shi.

Laraba, 7 ga Mayu

Na taso daga shagon katifar da nake aiki da wuri, na kwance bangon ƙofar na ciki, na naɗe guduma da tawul na yi ta bugu a hankali. Tawul ɗin na Umma ne, ban sani ba. Yanzu na sani.

Ta ce, "Ni ban ga komai ba, ban ji komai ba. Amma in yayanka ya tambaye ni, bakina ba zai yi ƙarya ba." Baba ya ce ai sai ta shiga kicin ranar.

Alhamis, 8 ga Mayu

Foti ba ya jiran mutum. Na tsaya amsa sallama, na dawo na tarar ya zama dutse, har da cokalin kwaɓin a ciki.

Na sake kwaɓawa. Guga, guga, guga. Yatsuna sun yi sumul, wayata ta daina gane ni.

Juma'a, 9 ga Mayu

Mai haɗa fenti yana can ƙarshen layin masu kayan mota, shago kamar akwati, gwangwanaye har rufi. Rigarsa ta sha kaloli har ba a san asalinta ba. Ya karɓi murfin tankin, ya tofa masa yawu, ya goge da gefen riga, ya fita rana da shi. Sai ya fara ɗiga: shuɗi, ɗan fari, baƙi kamar ƙwayar gero, ya juya, ya shafa a gefen murfin, ya hura, ya karkata kai. Ya fi sau goma. Da ya gama na nemi inda ya shafa na rasa. Mutumin ya iya aikinsa, wannan dai dole in rubuta, saboda abin da zai iya biyo baya.

Ya ara mini tsohuwar bindigar feshi. Iska kuma mai facin bakin titinmu ya yarda in ja daga injinsa, in dai zan gama kafin masu taya su fara zuwa.

Asabar, 10 ga Mayu

Na rufe gilasai da sauran jikin motar da tsofaffin jaridu da salatif. Baba ya zo sa ido, ya ɓige da karanta jaridar da ke kan gilashi, hancinsa kusan yana taɓa takardar. Ya ce rubutun jaridun yanzu ƙanana ne, rowar tawada suke yi. Jaridar ta shekara shida a ƙarƙashin gadonsa.

Shafin fenti na farko mai toka-toka ya hau lafiya. Na shuɗin ma haka, sai da wani ƙuda ya zo ya sauka a tsakiyar ƙofar ya maƙale. Mai faci ya ce in bar shi, ya zama shaida. Na cire shi da allura, ƙafa ɗaya ta rage. Tana nan har yanzu, ni kaɗai na san wurin.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na yaye jaridun.

Ƙofar ta yi kyau. Wallahi ta yi kyau, har fuskata nake gani. Sai dai ba kalar motar ba ce. Motar shuɗi ce mai duhu da rana ta cinye, ƙofar kuwa shuɗin sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Na mayar da murfin tankin wurinsa: shi da ƙofar uwa ɗaya uba ɗaya, sauran motar ce baƙuwa.

Umma ta leƙo, ta riƙe haɓa. "Au, da murfin nan ka gwada? Ai ba nata ba ne. An sace na asalin kana makarantar firamare, babanku ya sayo wannan a wajen masu fasa motoci." Shekara da shekaru ina wanke motar nan, ban taɓa lura ba. Abu kamar tafin hannu, wa zai kalla?

Baba ya fito, ya tsaya, hannu a baya. Na sunkuyar da kai ina jira. Ya ce, "Auta, Allah ya yi maka albarka. Ko kamfanin da ya ƙera ta ba zai gane an taɓa ba."

Na ɗauka lallashina yake yi.

Litinin, 12 ga Mayu

Na koma wajen mai haɗa fenti da motar gaba ɗaya. Ya yi dariya har ya zauna a kan gwangwani. Ya ce shi murfi aka kawo masa, murfi ya haɗa. Sabon haɗi sai sabon biya, aljihuna kuwa ya riga ya yi magana. Shawararsa ta kyauta: in riƙa juya ƙofar tana kallon rana, za ta dusashe. Na ce zuwa yaushe? Ya ce, "Ita motar shekara nawa ta ɗauka?"

Duk da haka na karɓi makulli wajen Baba, ina juya ta safe da yamma kamar mai shanya.

Laraba, 14 ga Mayu

Telan da ke kallon gidanmu ya ce in kawo motar ya yi mata kalmasa, tunda faci ya riga ya hau.

Baba ya ji ana maganar mota, ya fito da alfahari, ya kamo hannun tela: "Zo ka ga aikin yarona." Ya dafa ƙofa yana shafawa, yana cewa a nemo inda aka gyara in an isa. Ƙofar gaba yake shafawa. Tela ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Na yi dariya a ɗaki. Daga baya kuma ban yi ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na ce wa Baba ya rage mini hanya zuwa shago, don in gani da idona. Tuƙinsa lafiya lau, har ya fi na wasu. Ya san kowane rami, yana kauce masa tun kafin a iso, har da wanda aka cike bara. A mararraba ya rage gudu ya ce, kamar wasa, "Wancan keke ne ko mutum?" Na ce duka biyun ne, Baba. Ya yi dariya. Hannuna yana kan birkin hannu har muka isa, bai gani ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Rana ba ta yi komai ba. Ƙofar sai ƙara sheƙi take yi.

Asabar, 17 ga Mayu

Yaya ya iso. Ko jakarsa bai ajiye ba ya tsaya a kan motar.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni na yi fentin.

"Wa ya buga?"

Umma ta tuna ta bar abu a wuta. Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Ginshiƙi."

Yaya ya miƙa hannu, a ladabce dai, amma ya miƙa. Baba ya fara laluben aljihu, na dama, na hagu, na ƙirji. Makullin yana aljihuna tun shanyar safe. Ban shirya maganar ba, fitowa kawai ta yi. Na ce mai fenti ya ce sabon fenti ba ya son canjin hannu, mutum ɗaya ne zai riƙa tuƙawa har ya kama jiki. Tunda ni ke jan motar kai katifa, ni zan riƙa kai Baba duk inda zai je.

Yaya ya ce, "Wane mai fentin?"

Na ce, "Ni."

Ya kalle ni, ya kalli Baba da ke ta laluben aljihun da babu komai, ya kalli ƙofar. Ya mayar da hannunsa ya ɗauki jaka. Abin da ya ce kawai, kalar ba ta yi muni ba, da dai a jikin wata motar take.

Talata, 3 ga Yuni

Na saba tashi da wuri. Ina sauke Baba wajen abokansa kafin a buɗe shago, in ɗauko shi lokacin cin abincin rana. Yana zama a gaba yana tuƙi da baki: rage, rami, ka cika matse wa gefe. Ramin nan da aka cike har yau kauce masa nake yi, ya fi sauƙi a kan musu.

Ragowar fentin na shafe ginshiƙin da ita. Yanzu daga nesa ake hango shi.

Yau da muka tsaya a ƙofar gida bai fita nan da nan ba. Ya ce, "Auta, fentin nan bai kama jiki ba har yanzu?"

Na ce da saura, Baba.

Ya gyaɗa kai. "Haka na zata. Mai kyau ne, irinsa yana daɗewa."

Makullin dai nasa ne, kowa ya sani. Na sa masa igiya ne kawai don kada ya faɗi daga aljihuna.