Na Shafa Ƙarfe da Yatsa

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Inna da su Auta? Ni lafiyata ƙalau, sanyin ma na fara sabawa da shi.

Aikina irin naka ne, faɗa da tsatsa. Muna jera kusoshi a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki kaf, a narka alminiyon ya zama tururi ya lulluɓe su. Ba a taɓa su sai da safar hannu.

Makon jiya na manta, na shafa su da yatsa yadda kake yi a shago. Maiƙon hannuna ya sa rufin alminiyon ya ɓare. Shugabanmu ya tara mu ya ce, "Wa ya taɓa?" Na ce ni ce. Ya ce in na sake, a bakin aikina. Na ɗan yi kuka a banɗaki, amma kada Inna ta ji.

Ka sa mini albarka, Baba. Na san yanzu dariya kake yi mini. Ka ce Yaya ta ɗauko mini dariyar a waya, don nan ƙarar inji kawai nake ji.

Ƴarka mai taurin kai