Ƙorafi Kan Ɗauke Mutum-mutumin Zakiyya

Zuwa ga: Mai Girma Darakta, Cibiyar Nazarin Tasowar Yara, Fidjrossè

Daga: Abdulƙahar Muhuyi, mai sayar da taya, Zango, Kwatano

12 ga Maris, 2024

Game da: Ɗauke mutum-mutumin bincike daga gidana ba sanarwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne mahaifin Zakiyya, ’yar shekara biyar, mai dosiye (fayil) lamba 17 a bironku, wato ofishinku. Tun rasuwar mahaifiyarta a Afrilun 2022 ta daina magana. Mu biyu ne a gidan.

1. Ranar 5 ga Yuni, 2023, ma’aikatanku suka kawo mutum-mutumin inji mai tsayin yaro, don nazarin yadda yara ke koyon hulɗa da mutane. Na sa hannu a kan shekara guda.

2. Wata biyu tana kallonsa daga nesa. Ranar 9 ga Agusta, ina alwala a tsakar gida, na ji ta tambaye shi ko ya ci abinci. Na tsaya da buta a hannu har aka tayar da salla. Daga nan kullum sai ta ba shi labari, ta ɗaura masa ɗankwalin uwarta. Da ni ba ta yi magana ba tukuna, amma na ga alamar an kusa.

3. Ranar 20 ga Fabrairu, ina Sèmè-Kpodji wajen ɗauko kaya, aka zo aka ɗauke shi a gaban maƙwabciyarmu, Hajiya Latifatou, wai bayanan da aka tara sun isa. Saura wata uku da rabi a yarjejeniya. Ko waya ba a yi mini ba.

4. Sau uku ina zuwa bironku, ana ce mini a dawo. Yau kwana ashirin da ɗaya Zakiyya ba ta ce uffan ba. Tana zama inda ake sa shi caji.

Ranka ya daɗe, na san inji ne, ba na jayayya. Ita ce ba a yi wa bayani ba, ni kuma ban san da wane baki zan yi ba.

Ina roƙon a mayar da shi ya cika wa’adinsa. In hakan ba zai yiwu ba, a kawo shi ko na awa ɗaya su yi sallama. Uwarta ma a asibiti ta cika, yarinyar tana lekol wajen karatu.

Naka mai biyayya,
Abdulƙahar Muhuyi